Mutum Goma da Sunan Rimma

Naum Lazarevich Zalkind ya yi shekara goma yana hananne a birnin Kharkov. Da Rashanci otkaznik ake cewa, wato wanda ya nemi izinin barin ƙasa aka ce masa a'a. Daga ranar da aka faɗa wa mutum wannan a'a, ya tashi daga injiniya ko likita ko malami, ya koma wannan kalma guda.

An haife shi a 1931. Mahaifinsa ya tafi yaƙi bai dawo ba, mahaifiyarsa ce ta rene shi da aikin ɗinki. Ya yi karatu ya zama injiniya a wata masana'antar ƙera na'urorin awo, aikin da ya dace da halinsa, don shi mutum ne da ba ya cewa "kusan". In ka tambaye shi lokaci, sai ya faɗa maka har da minti. A 1964 aka zagayo da wata takarda sashensu, ta alkawarin riƙe sirrin aiki. Kowa ya sa hannu, shi ma ya sa a tsaye, fensir a bayan kunne, ya koma kan zanensa.

Matarsa Asya tana haɗa magani a wani kemis. Sun yi shekara takwas kafin su sami haihuwa, sannan Rimma ta zo, daga ita ba su ƙara ba. Tana da shekara goma sha ɗaya ƙafafunta suka soma kumbura. Aka ce ƙoda ce. Likitar da ke duba ta ta ja Naum gefe a barandar asibiti, ta yi magana tana kallon taga.

"Injin wankin ƙoda biyu gare mu, masu jira sun fi ɗari. Yarinyar tana da sauran shekara uku ko huɗu kafin ta buƙace shi. Kuna da dangi a waje?"

Su Yahudawa ne, kuma Asya tana da gwaggo a ƙasar waje, a birnin Haifa. A 1976 takardar gayyata ta iso, suka miƙa neman izini su uku. Bayan wata biyar aka kira Naum ofishin biza, aka gaya masa da baki, don ba a ba da irin wannan amsa a rubuce, cewa an ƙi saboda sirrin da ya sani. Kafin nan an riga an tara ma'aikata a masana'anta sun ɗaga hannu sun kira shi maci amana, an kuma sallame shi. Zaman banza laifi ne a doka, saboda haka ya karɓi aikin da hanannu ke samu: zuba kwal a tukunyar da ke ɗumama wasu gidaje shida a bayan tashar jirgi.

A can ya haɗu da Matvei Solomonovich, wanda kowa ke kira Motya, tsohon malamin kimiyya a jami'a da ya riga shi shiga wannan hali da shekara huɗu. Gajere ne mai sanƙo, bakinsa ba ya hutawa.

"Barka da zuwa majalisar masana, Naum Lazarevich," in ji shi a ranar farko, yana miƙa masa shebur. "Wanda ka gada farfesa ne. Wane sirri ka sani?"

"Wani ma'aunin zafi ne na shekara goma sha biyu da suka wuce. Ko a kasuwa ma an daina sayar da irinsa."

"To ai shi ne sirrin, malam. Kar duniya ta ji abin da muke amfani da shi."

Motya ne ya kawo maganar saki. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, hanya ce da gidaje da yawa suka bi. In miji ne ke da sirri, sai a raba auren a kotu, matar ta nemi izini ita da yara a matsayin wadda ba ta da alaƙa da shi. Shi kuma ya biyo baya idan wa'adin sirrinsa ya cika.

Naum ya yi wata biyu yana juya maganar. Ranar da ya ga Rimma ta huta sau biyu kafin ta hau benensu na uku, ya gaya wa Asya ya yarda.

Sun yi gwajin abin da za su faɗa a kicin, Motya yana zaune a matsayin alƙali, da cokali a hannu.

"Me ya sa kike son rabuwa da wannan mutum?"

"Mashayi ne," in ji Asya.

"Ni? Asya, ko a bikinmu rabin kofi na sha."

"Nyuma," in ji Asya, da sunan da take kiransa a gida, "don Allah ka yi shiru. Kai mashayi ne, kana kuma zagina."

"Da wace kalma nake zaginki? In alƙali ya tambaya fa?"

Motya ya buga cokali a tebur. "Kai, wannan mutum zai kai mu Saiberiya da gaskiyarsa. Ka sunkuyar da kai kawai, ka ce komai ta faɗa haka ne. Duk mazan duniya da haka suke rayuwa."

Haka aka yi. Cikin minti ashirin aka raba auren shekara ashirin da ɗaya. Da suka fito baranda, hannun Asya ya tafi da kansa ya gyara masa mayafin wuya, sai da Motya ya yi gyaran murya ta janye. Naum ya koma ɗakin da mahaifiyarsa ta mutu ta bari a wata unguwa. Shekara guda yana ganin 'yarsa ranar Lahadi kawai, a lambun gwamnati, kamar yadda kotu ta tsara, don maƙwabta suna gani kuma ana tambayarsu.

Dabarar ta ci. A watan Satumba na 1979 aka ba Asya da Rimma izini. Ya raka su a jirgin ƙasa har tashar kan iyaka. Rimma tana da shekara goma sha huɗu, fuskarta ta yi fari, rigar sanyinta ta yi mata yawa.

"Baba, ka riƙa sa wa wasiƙunka lamba," ta ce. "In ta bakwai ta zo bayan ta biyar, zan san ba kai ka yi kasala ba."

"Ke ma ki sa."

"Ni ai zan yi kasalar, sai in ɗora wa gidan waya."

Shekara shida suka yi a kan haka. Cikin wasiƙa uku, biyu suke isa, a buɗe an sake manne su. Daga cikinsu ya san ana wanke mata ƙoda sau uku a mako, ta gama sakandare, ta sami aikin rabin yini a wani ɗakin karatu, ta yanke gashinta, uwarta ta yi fushi. An yanke masa wayar gida tun tuni, saboda haka sau ɗaya a wata biyu yakan je babban gidan waya ya jira a haɗa shi, a ba shi minti uku. Rimma kan fara da cewa, "Gaisuwa ga Baba, gaisuwa kuma ga kawun da ke sauraro, da fatan an ba shi kujera mai laushi." Shi kuma ya ce, "Rimmochka, ki bari," yana murmushi shi kaɗai a cikin akwatin katakon da wayar take.

Suna tafiya ba da jimawa ba ƙofa ta rufe. Aka fito da sabuwar ƙa'ida: ba a karɓar gayyata sai daga uba, ko uwa, ko ɗa, ko mata, ko wanda aka haɗa ciki da shi. Gwaggo da kawu sun daina aiki. A takarda Asya ba kowa ba ce a wurin Naum. Rimma kaɗai ta rage masa, kuma da ta cika sha takwas ita ke sa hannu a gayyatarsa.

Duk bayan wata shida yana miƙa takardu, duk bayan wata shida ana ƙi. Matar da ke karɓar su a ofishin biza, wadda hanannu suka laƙaba wa Uwar Hatimi, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma kallon mutum a ido. A watan Disamba na 1984, bayan ta faɗa masa amsar da ya saba ji, sai ta ƙara da abin da ba ta taɓa faɗa ba.

"Masana'antarka ta rubuto. Wa'adinka zai cika a bazara. Ka dawo ashirin ga Yuni da sabuwar gayyata."

Ya tsaya a bakin titi ya rubuta maganar a littafin aljihunsa, kalma bayan kalma, don kar daga baya ya ce kunnensa ne ya ƙara. Rimma ta aiko da gayyata uku a jere, ɗaya ta iso a watan Maris, da sa hannunta mai karkata.

A farkon Mayu, da la'asar, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wata baƙuwa ce daga Kanada, cikin masu zuwa yawon buɗe ido su saci jiki su ziyarci hanannu. Ba ta yi magana ba, don kowa ya san ba a magana a ɗakin hananne, saboda na'urar sauraren hukuma. Naum ya ɗauko allon yara mai gogewa da yake ajiyewa saboda irin wannan, ya miƙa mata. Ta zauna ta rubuta a hankali, da harafin wanda ya haddace abin da bai iya ba:

"Rimma ta rasu ashirin da biyu ga Afrilu. An binne ta washegari a Haifa. Asya ta ce kada kowa ya sani. Ka ci gaba da rubuta mata. Ka miƙa takardu a Yuni."

Ya karanta sau biyu. Ya goge allon da hannunsa. Sannan ya tashi ya ɗora ruwan shayi, don baƙuwa ta zo daga nesa, ya tsaya a gaban murhu yana ba ta baya har ruwan ya tafasa ya soma ƙonewa.

Ya gane lissafin Asya, kuma daidai ne. Gayyatar tana aiki muddin ofis bai san mai gayyatar ta mutu ba. In ya fita, zai iske matarsa da kabarin 'yarsa. In suka sani, ba shi da kowa a waje, ba kuma zai sake samun wata gayyata ba. Kwana arba'in da 'yan kai ne suka rage.

Saboda haka bai rufe madubi ba, bai zauna a ƙasa ba, bai bar gemu ba, yadda Yahudawa ke yi a zaman makoki. Kullum da safe yana aske gemunsa tas. Maƙwabciyarsa ta tare shi a layin burodi ta ce, "Yaya 'yar taka, Naum Lazarevich?" ya ce lafiya lau, ta sami aiki a ɗakin karatu. Ranar Lahadi ya zauna ya rubuta wasiƙa ta ɗari biyu da casa'in da ɗaya, don mai buɗe wasiƙu zai lura in sun tsaya. Ya gaya mata furanni sun fito a lambun da suke zama, ya tambaye ta ko tana cin abinci. Ya buga fom ɗin neman izini kwafi uku a kan injin buga rubutu na aro, ba kuskure ko ɗaya, don ba a karɓar fom mai gyara. A layin dangi, inda aka ce a faɗi adireshi da sana'a, in kuma mutum ya mutu a faɗi shekara da inda aka binne shi, ya buga adireshinta da sana'arta.

Motya kaɗai ya gaya wa, a ɗakin tukunya, inda ƙarar wuta ke rufe magana. Motya ya cire hularsa.

Ana saura kwana biyu ta cika talatin da binnewa, Naum ya ce zai je gidan Reb Leib. Ba a bar wa Yahudawan Kharkov ɗakin ibada ba, sai wasu tsofaffi da ke taruwa da safe a gidan wannan tsohon mai gyaran agogo. Addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai da maza goma.

Motya ya jingine shebur. "Ka haukace? Kai da ko baƙaƙen addu'ar ba ka sani ba?"

"Za su rubuta mini da harafinmu."

"Nyuma, saurara. Duk inda mutum goma suka taru a garin nan, ɗaya yana komawa gida ya yi wa hukuma rubutu. Ba don mugunta ba, wataƙila jikansa ke neman shiga jami'a. Ciki ba don dankali kaɗai aka yi shi ba. Wata ɗaya ya rage. In ka isa can ka tara mutum dubu, ka yi ta yi har muryarka ta dushe."

"A nan aka haife ta. Kwana ashirin da takwas ke nan, ba wanda ya ce Allah ya ji ƙanta a garin nan. Jiya na rubuta mata cewa ta riƙa sa safa."

"To ka je, tunda kan naka dutse ne. Amma in sun tambaye ka, ka ce na mahaifiyarka kake yi. Allah ya san wadda kake nufi, ba sai an yi masa fassara ba. Ka ji ko?"

"Na ji."

"Maimaita."

"Na mahaifiyata nake yi."

Ya isa gidan da ƙarfe bakwai saura kwata. Ɗaki ne ƙarami mai warin kananzir da kifin gishiri, an ja labule. Tsofaffi tara ne a ciki, suna zaune suna jiran wani da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa. Da suka ga Naum sai fuskokinsu suka saki.

"Ga na goma Allah ya kawo," in ji wani daga cikinsu. "Injiniya ne ma. Ashe sai mun mutu za ku tuna da hanya."

Aka ɗora masa hula, aka ba shi takarda da aka rubuta addu'ar da harafin Rashanci, ta yi laushi saboda yawan hannun da ya riƙe ta. Reb Leib ya matso kusa da shi. Tsoho ne da ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi fari. A yaƙi aka kashe masa mata da 'ya'ya uku, kowa ya sani, shi kuma ba ya faɗa.

"Wa ka rasa, ɗana? Ba ni suna in ambata."

Naum ya shirya amsar tun a hanya, ya maimaita ta a cikin jirgin titi, ƙaramin jirgin lantarki na cikin gari. Ya dubi tsohon, ya dubi sauran takwas ɗin da ke jira.

"'Yata," ya ce. "Rimma, 'yar Naum. Shekararta goma sha tara da wata bakwai."

Reb Leib ya kama bakin rigar Naum ta wajen zuciya, ya ɗan tsaga ta da 'yar wuƙar aikinsa, alamar makoki, ya ce masa ya ƙarasa da hannunsa. Ya ƙarasa. Sannan ya karanta takardar, yana tuntuɓe a kan kalmomin da bai san ma'anarsu ba, tsofaffin suna amsawa a inda ake amsawa. Da aka gama, kowannensu ya zo ya riƙe hannunsa. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai a cikinsu ba sai tsufa.

Ashirin ga Yuni ya sa kwat ɗinsa, ya bi layi tun safe, aka kira shi ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Uwar Hatimi ta karɓi takardun ta shiga dubawa. Ta duba hotuna, ta duba shaidar wurin aiki, ta duba takardar kotu. Da ta zo kan gayyatar sai ta ajiye ta gefe, ta buɗe aljihun tebur ta leƙa wani abu, ta rufe.

"Ɗan ƙasa Zalkind, maganar sirri ta ƙare, ba mu da ja a kanta. Amma wannan gayyata ba ta aiki. Wadda ta aiko ta ba ta da rai."

Bai musa ba.

"Ka rubuta a fom cewa tana aiki a ɗakin karatu. Wannan laifi ne, amma zan ɗauka ba ka cike shi ba." Ta tura masa fom ɗin ta kan tebur. "Kana da wani ɗan'uwa na jini a can?"

"Matata tana can."

Ta ɗaga takardar kotun da yatsa biyu. "Ba ka da mata. Kai ka sa hannu a nan."

"Kabarin fa? Ko na mako ɗaya."

"Ba a ba da izini saboda kabari." A karo na farko cikin shekara tara ta ɗago ta dube shi, sannan ta mai da ido kan tebur. "Na gaba."

Ba a taɓa sanin ta inda labarin ya bi ya isa ofis ba. Wataƙila daga ɗakin Reb Leib ne, wataƙila wani ne daga Haifa ya yi wa danginsa ta'aziyya a wasiƙa ba da sanin komai ba. Motya ya yi ta lissafin tsofaffin nan tara yana cire wannan yana mai da wancan, har Naum ya ce masa ya bari.

Ya je gidan waya ya nemi a haɗa shi da Haifa. Yanzu ba sauran abin ɓoyewa, ya gaya wa Asya duk abin da ya faru, da abin da ya faɗa a gidan Reb Leib.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Nyuma," ta ce.

"Na sani."

"Ni kaɗai na wanke ta. Ni kaɗai na tsaya. Na ce ko ba komai kai za ka zo." Ya ji tana jan numfashi. "Sun amsa maka? Tsofaffin?"

"Sun amsa. Su tara."

"Ka faɗi sunanta daidai?"

"Daidai."

Minti uku suka cika.

Bai sake miƙa takarda ba, don ba shi da abin miƙawa. Ya ci gaba da zuba kwal, yana buga wa sababbin hanannu fom ɗinsu ba kuskure, ya kuma zama mutum na goma a gidan Reb Leib duk safiyar da ba ya aiki. Ya rasu a watan Nuwamba na 1986, zuciyarsa ta tsaya yana jiran jirgin titi. Yana da shekara hamsin da biyar. An binne shi a Kharkov, kusa da mahaifiyarsa.